Yadda za ka zaɓi tef ɗin da ba zai saki ba in kana haɗa ɗakin ɗaukar murya a gida

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun da na haɗa ɗan akwatin katakon da nake shiga ina ɗaukar murya, tambayar da ta fi zuwa min ba ta makirfo ba ce, ta tef ce. Masu karanta littafi a YouTube, masu waƙa, har da wani malami mai son ɗaukar karatun ɗalibansa, duk maganar ɗaya: na liƙa soson kashe amsa-kuwwa ya faɗo, na toshe kafa ta buɗe, wane tef zan saya wanda zai daɗe? Ni ma akwatina na farko haka ya yi min, na haɗa shi cikin sanyi lafiya lau, watan Afrilu na shigowa rufin kwano ya ɗau zafi sai soso ya fara saukowa ɗaya bayan ɗaya, gam ɗin ya narke ya zama kamar tafasasshen ƙaro, kuɗin da na kashe suka tafi a banza. Wallahi abin ya yi min ciwo, shi ya sa na zauna na rubuta wannan daki-daki.

Abu ɗaya nake so ka riƙe kafin mu fara. Tef ba ya tare ƙara, kuma ba a ɗora masa nauyi. Nauyin bango ne ke tare ƙarar janareta da adaidaita sahu da injin markaɗen maƙwabta, ƙusa da sukuru ne ke riƙe kaya, shi tef aikinsa ya toshe duk wata kafa da iska ke bi, domin inda iska ta bi ƙara ma nan take bi.

1. Raba aikin kafin ka je kasuwa

Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne ya sayo tef iri ɗaya ya ce da shi zai yi komai. Aikin kashi huɗu ne kuma kowanne da nasa tef ɗin. Akwai toshe mahaɗar katako da katako, wannan na tef ɗin alminiyam ne irin wanda masu haɗa AC ke naɗe bututu da shi. Akwai zagaye bakin ƙofa, wannan na tef ɗin roba ne mai kauri mai laushi wanda ƙofa ke matsewa. Akwai manna soso ko allo mara nauyi, nan ne tef mai fuska biyu ke shigowa. Sai kwantar da wayoyi a ƙasa, wannan na gaffa tef ne, baƙin nan mai kamar yadi wanda ba ya ƙyalli.

Gargaɗi: salatef ɗin da ake ɗaure kwali da shi, fari ko ruwan ƙasa, da maskin tef na masu fenti, da baƙin tef ɗin masu wayarin, duk ukun nan ba su da wurin zama na dindindin a jikin akwatinka. Maskin tef ka yi alama da shi ka cire a ranar, in ya kwana biyu a zafi bushewa yake ya kafe a wurin.

2. Gane irin gam ɗin da ke jikinsa

Nan ne maganar take, don haka zan ɗan daɗe. Mutane launin tef suke kallo da kaurinsa, alhali abin da ke sa ya daɗe ko ya saki gam ɗin ne. Iri biyu za ka fi samu, gam ɗin roba da gam ɗin akirilik. Na roba shi ne mai saurin kamawa, kana taɓa shi ya cafke yatsanka sai ka ce ai wannan shi ne mai ƙarfi, to amma zafi ne maganinsa, yana laushi ya fara zamewa a hankali, in ya tsufa kuma ya bushe ya zama gari. Na akirilik in ka taɓa shi da farko kamar ba shi da danƙo sosai, sai ya zauna a wurin ƙarfinsa ke ƙaruwa, kuma yana jure zafi da rana da daɗewa fiye da na roba nesa ba kusa ba. Ga wanda yake Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, inda zafin bazara ke haura digiri 40 a waje balle a ƙarƙashin kwano mara silin, na akirilik shi ne naka.

Dakt tef, mai ruwan toka ɗin nan mai zare a ciki da kowa ke yabo, galibinsa gam ɗin roba ne. A 1998 wani ɗakin bincike na gwamnatin Amurka da ke Berkeley ya gwada abubuwan toshe bututun iska iri-iri a cikin zafi, dakt tef mai yadi shi ne ya riƙa saki tun da wuri. In ya gaza a bututun da ake kiransa da sunansa, don dakt a Turanci bututun iska ke nan, kar ka sa ran zai riƙe maka bango shekara biyu.

Yadda za ka gane: duba kwalin ko cikin zoben takardar, masu kyau suna rubuta irin gam ɗin da iyakar zafin da yake ɗauka. Tef ɗin alminiyam na kirki yana da farar takarda a bayansa da ake ɓarewa, in ka lanƙwasa shi yana zama a lanƙwashe kamar takardar nan da ake naɗe nama. In ka lanƙwasa ya miƙe da kansa to leda ce aka shafa wa ruwan azurfa, ajiye shi.

Gargaɗi: in za ka ƙara wa bango nauyi da kafet ɗin leda ko shimfiɗar roba mai kauri, kar ka haɗa bakinsu da tef mai gam ɗin roba. Irin wannan ledar tana fitar da wani maiƙo a hankali da ke narkar da gam ɗin, bayan 'yan watanni sai ka tarar da wurin ya yi yauƙi tef ya zame. Ka kama ta da sitefular masu kushin ko ƙusa mai faɗin kai, sannan ka bi mahaɗar da tef na akirilik.

3. Auna, sannan ka yi lissafin kuɗi

Mu ɗauka akwatinka mita 1.2 ne faɗi, 1.2 tsawo, 2.1 tsayi, wanda shi ne daidai mutum ɗaya a tsaye da sandar makirfo, kuma ya dace da filawud tunda fallen ƙafa 4 ne da ƙafa 8. Kusurwa huɗu a tsaye mita 8.4 ke nan. Zagayen sama 4.8, zagayen ƙasa 4.8. Ka haɗa ya ba ka mita 18. Ciki da waje za ka yi, ya zama 36, ka ƙara kamar mita 7 saboda ɓarna da haɗe baki, to kana neman wajen mita 43 na tef ɗin alminiyam mai faɗin inci 2. Ƙofa mai faɗin santimita 80 da tsayin mita 2 zagayenta mita 5.6 ne, ka sayi mita 7 na tef ɗin roba.

Farashi kullum canzawa yake, don haka kar ka tambayi kuɗin nadi ɗaya ka tsaya nan, ka tambayi mita nawa ne a ciki ka raba kuɗin da mitocin. Sau da yawa mai arahan zoben takardar cikinsa ne ƙato, tef ɗin kansa ɗan kaɗan ne, in ka yi lissafi sai ka ga ya fi mai tsadan tsada. A cikin huɗun nan gaffa na asali da mai fuska biyu irin VHB na kamfanin 3M su ne masu cin kuɗi, amma kaɗan kake buƙata daga kowanne. In aljihu ya yi ƙasa ka rage a gaffa, kar ka rage a na ƙofa.

4. A shagon mai kaya

Tef ɗin alminiyam wajen masu sayar da kayan AC da firji za ka nema, na ƙofa wajen masu kayan tagar alminiyam da gilashi, mai fuska biyu kuma masu kayan allon talla da masu kayan kwalliyar mota suna da shi. In a Kano kake, Sabon Gari za ka zagaya ka haɗa su, katako kuma 'Yan Katako na Na'ibawa.

Ka ce wa mai shago, Alhaji don Allah a ɗauko min na ciki, ba wanda ke rataye a waje ba. Wanda ya sha rana a bakin shago ya riga ya tsufa tun kafin ka saya, shi gam yana da wa'adi, galibi shekara ɗaya zuwa biyu a ajiye. Ka juya nadin ka kalli gefensa, in gam ya tsattsafo yana danƙo ƙura ta manne, ko tsakiyar nadin ta turo waje kamar murfin kwano, zafi ya riga ya taɓa shi. Ka ɗan ɓare kamar taki ɗaya, in gam ɗin yana zama a bayan layin da ke ƙasa maimakon ya biyo nasa, bar shi. Na jabu ma sun yi yawa musamman a mai fuska biyu mai jan baya, jan launi kawai ba shaida ba ce.

Nadi ɗaya-ɗaya za ka fara saya, saura sai bayan gwaji.

5. Gwajin kwana uku

Wannan matakin shi ne mutane ke tsallakewa don gaggawa, kuma da na yi shi tun farko da ban yi asara ba. Ka samo guntayen kayan da za ka yi aiki da su ɗin, guntun filawud ɗinka, guntun sosonka, guntun ledarka. Ka liƙa kowane tef a kan abin da zai zauna a kai, ka danna sosai, ka kai su wuri mafi zafi a gidan, ko saman silin ko gaban mota a rufe da rana. Na mai fuska biyu ka haɗa guntun katako biyu ka rataya wa na ƙasan robar ruwa ƙarama, rabin kilo ke nan, ka ja layi da biro a inda ya tsaya.

Bayan kwana uku ka duba. Wanda bakinsa ya ɗaga, ko ya sauko ƙasa da layin, ko gam ya fito ta gefe, ya faɗi. Wanda sai da ka sa ƙarfi kafin ya ɓaru shi za ka koma ka sayo sauran.

6. Share wurin

Rabin tef ɗin da ake zagi ba laifinsa ba ne, a kan ƙura aka liƙa shi. Katakon da ya fito daga wajen kafinta cike yake da garin zarto, in lokacin hunturu ne kuma ko awa ɗaya ka bar shi sai ƙura ta sake sauka. Ka goge da busasshen tsumma, ka bi da tsumma mai ɗan sifirit, ka jira ya bushe sarai, ka liƙa nan take. Banda kananzir ko fetur wajen gogewa, maiƙo suke bari.

Ɗanyen filawud yana da ƙananan ramuka kuma yana shan gam, don haka ka shafa wa layin da tef zai bi fentin mai ko banish shafa ɗaya, ka bar shi ya bushe kwana biyu zuwa uku. Bambancin da wannan ke kawowa ba kaɗan ba ne. In damina ce ka tabbata katakon ba shi da danshi.

Gargaɗi: bangon siminti mai fentin ruwa, irin wanda in ka shafa hannu fari ke biyo ka, babu tef ɗin da zai zauna a kai, fentin zai kama ba bangon ba, sai su faɗo tare. In kuma gidan haya kake, kar ka liƙa komai a bangon mai gida, ka yi akwatinka mai tsayuwa da kansa ka bar rata kamar faɗin hannu tsakaninsa da bango, hakan ma ya fi don girgizar bango ba za ta shigo ba.

7. Toshe mahaɗa

Sai kafinta ya gama ɗaure komai da sukuru tukuna. Duk tsagar da ta kai a tura tsinken ashana, ka fara cika ta da silikon ko abin cike kafa mai laushi wanda ba ya ƙanƙarewa, ya bushe, sannan tef ya hau kai. Shi tef siriri ne, in ka shimfiɗa shi a kan rami ba komai a ƙasa kamar fatar ganga ka yi, ƙara za ta wuce abinta.

Ka yanka tsawon hannu-hannu, kar ka ce za ka ja mita biyu lokaci ɗaya don zai tattare. Na kusurwa ka ninka shi biyu a tsaye kafin ka ɓare takardar, ka tura ninkin cikin lungu, ka kwantar da gefe ɗaya sannan ɗayan. Ka bi shi da bayan cokali ko tsohon katin waya kana gogawa da ƙarfi daga tsakiya zuwa baki, domin irin wannan gam ɗin dannawa ke tayar da shi ba shafawa ba. Inda yanki ya haɗu da yanki ka ɗora ɗaya kan ɗaya kamar yatsa biyu. Ka fara daga ƙasa ka yi sama.

Gargaɗi: tef ɗin alminiyam ƙarfe ne, wuta tana bin sa. Kar ya kusanci soket ko wayar da aka haɗa, kuma bakinsa yana yanka hannu kamar reza, ka yi a hankali.

8. Ƙofa

In akwai inda ƙara ta fi shigowa to nan ne, kuma nan ne tef ke shan wahala don kullum ana buɗewa ana rufewa. Iri biyu za ka gani. Akwai na farin soso mai araha wanda in ka matse shi iska ke fita fus, wannan wata biyu ya lotse ya zama kamar takarda kuma ƙara na ratsa shi. Akwai na baƙar roba irin ta ƙofar mota, ana rubuta EPDM a jikinsa, wani cikinsa rami ne kamar harafin D. Shi za ka saya. Ka matse shi da farce ka saki, in ya dawo nan take yana da kyau.

Kaurin da za ka saya sai ka auna ratar. Ka samu ɗan ƙullin laka ko cingam ka naɗe a leda, ka ajiye a bakin gangar ƙofa, wato firam ɗin da ƙofa ke zama a ciki, ka rufe ka buɗe, kaurin da ya koma shi ne ratarka. Ka yi haka a sama da tsakiya da ƙasa don ƙofar kafinta ba kasafai take daidai ko'ina ba. Ka sayi wanda ya ɗan fi ratar kauri yadda ƙofa za ta matse kamar kashi ɗaya cikin uku nasa. In ya yi kauri da yawa sai ka riƙa banka ƙofa, maƙallan su saki, tef ɗin ya yage.

A jikin ganga ake liƙawa, a wurin da fuskar ƙofa ke zuwa ta zauna, ba a gefen da take gogawa ba. Kar ka ja shi yana miƙewa lokacin liƙawa, in ka ja to zai koma tsawonsa cikin dare ya bar maka kafa a kusurwa, wannan kuskuren na gan shi a ɗakuna da yawa. A kusurwa ka yanka bakin biyun a karkace su haɗu. Ni ina ƙara masa ƙaramar ƙusa ko sitefula a kowane ƙarshe da kowane taki biyu, saboda ko gam ya gaji ba zai zube ba. Ƙasan ƙofa kuma ka sa kafinta ya yi dokin ƙofa na katako yadda za ta samu abin matsa, ka zagaye shi ma. Sakata mai jawo ƙofa ta matse ta fi ta turawa kawai.

Ka rufe ƙofar a kan takarda ka ja. In ta zare ba tirjiya, wurin bai matsu ba.

9. Manna soso

Gaskiyar magana tef ba ya son soso. Bayan soso ramuka ne, gam ba ya samun inda zai kama sai 'yan tsiraran wurare, ga shi soson na marmashewa. Don haka kar ka liƙa tef kai tsaye. Ka yanka kwali mai ƙarfi ko siririn filawud daidai girman soson, ka manna soson a kai da gam irin na masu kushin ko masu takalmi, a shafa gefe biyu a bari ya sha iska har ya daina kama yatsa sannan a haɗa. Yanzu bayan allon santsi ne, sai ka sa tef mai fuska biyu guntu huɗu a kusurwoyi, ɗaya kuma a tsakiya, a tsaye ba a kwance ba, ka danna kowanne da tafin hannu kamar rabin minti. Kamfanin 3M da kansa ya ce irin VHB yana kai rabin ƙarfinsa bayan minti 20, kashi 90 bayan awa 24, cikakke sai awa 72, don haka ka tokare allon da sanda har kwana uku kafin ka saki.

Na saman kai kuwa ban yarda a bar wa tef shi kaɗai ba ko wane iri ne, ka sa sukuru haɗe da wasa, wato ɗan faifan ƙarfen nan mai rami da ke ƙara wa kan sukuru faɗi. Bargo mai nauyi ko labule ma haka, ƙusa ko ƙugiya.

Gargaɗi: gam ɗin masu takalmi warinsa na bugarwa kuma yana kama wuta, a tsakar gida za ka shafa ba a cikin akwati ba, kuma yana narkar da farin soson nan da ake samu a kwalin firji. Shi kansa soson katifa wuta yake ci kamar fetur hayaƙinsa kuma guba ne. A 2003 a jihar Rhode Island ta Amurka irin wannan soson da aka liƙa a bangon wani gidan rawa don rage ƙara ya kama wuta mutum 100 suka rasu. Don Allah kar ka binne soket ko haɗin waya a bayan soso, kar ka shiga da kyandir ko turaren wuta ko maganin sauro na kunnawa, fitila ka sa LED mara zafi.

Sannan ka sani soso amsa-kuwwar ciki yake kashewa, muryarka ta fito a bushe. Ba ya hana kukan janareta shigowa, kiret ɗin ƙwai ma haka.

10. Wayoyi, iska, da dubawa

Rami ɗaya ka huda na wayar makirfo da ta hedifon, ka zura su, ka cusa guntun roba ko tef ɗin butil irin na masu toshe yoyon kwano ka danne ciki da waje. Butil ba ya bushewa, in ka so canza waya sai ka ɓare ka mayar. Wayar da ta bi ƙasa ka kwantar da ita da gaffa, amma ka riƙa sabunta shi duk bayan wata biyu ko uku, don in ya daɗe a zafi shi ma yana barin danƙo a jikin waya.

Gargaɗi: akwatin da ka toshe sosai iska ma ba ta shiga. Kar ka wuce minti 15 zuwa 20 a ciki a rufe, ka fito ka buɗe ƙofa, kuma sakatar ta zama mai buɗuwa daga ciki, musamman in akwai yara a gidan. In za ka yi hanyar iska ka yi ta mai lanƙwasa biyu ko uku a cikin dogon akwatin katako da aka shimfiɗa wa soso, ba rami miƙaƙƙe ba.

Da dare ka shiga ka rufe ka kashe fitila, wani ya zagaya da tocila ta waje yana bin kowace mahaɗa da bakin ƙofa. Duk inda ka ga haske ka sa alama da alli ka gyara da safe. Sannan a kunna rediyo a waje ka ɗauki minti ɗaya na shiru da makirfo ɗinka, ka ajiye fayil ɗin. Ka sake irin wannan ɗaukar a ƙarshen bazara da kuma tsakiyar damina lokacin da katako ke kumbura, rediyo a wuri ɗaya murya ɗaya, in ka ji ƙara ta ƙaru ka fara duba kusurwoyin ƙofa na sama ta ɓangaren sakata, yawanci nan ne ke fara saki.